Layi na Goma Sha Bakwai

Rana ba ta gama leƙo Tarauni ba
ina tsugune gaban furen wake,
hantsaki a hannu, ina haɗa
ɗan Ɗambatta mai jure ƙuduji
da wani fari mai saurin nuna.

Damina shida. Littafi uku sun cika.
Layi ɗari huɗu na shuka,
tsutsa ta ci nata, fari ya kwashi nasa,
na goma sha bakwai kaɗai ya tsaya.

Shugaba ya duba sikeli, ya gyaɗa kai.
Ni kuwa na ƙulle mudu guda
na kai wa Tabawa mai ƙosai a Gyaɗi-Gyaɗi.

Ta jiƙa, ta surfa, ta kai markaɗe,
ta buga ƙullu, ta saki a kasko.
Ya taso.
Ta gutsuri ɗaya, ta hura, ta tauna.

"Ba ya shan mai," ta ce.
"Akwai saura?"