Tara Cikin Arba'in da Shida

Bayan masaƙar Kakuri da ta mutu,
a shagon Dogara mai gyaran rediyo,
mu biyar, fitilar caji ɗaya,
janareton maƙwabci yana tari.

Kati biyu a hannuna, duka kubi.
Huɗu a tebur, biyu kubi.
Saura ɗaya in cika.

Jatau ya turo duk abin da ke gabansa,
dubu shida a kan dubu shida,
ya kafe ni da ido kamar mai bin bashi.

Da can zuciya nake bi.
Ta ci babur ɗina, ta ci albashin Maris.
Yanzu ƙirga nake a ƙarƙashin harshe:
hamsin da biyu, na ga shida,
arba'in da shida na kife,
tara kacal nawa.
Sau ɗaya cikin biyar ke nan.
Farashin da ya sa mini kuwa
sai mai ci sau ɗaya cikin uku.

Na ajiye.

Dogara, don tsokana, ya buɗe na ƙarshen.
Kubi.
Dariya har bakin titi:
"Malam, yau lissafi ya ci ka!"

Ban tanka ba.
Kogin Kaduna ma yakan jefo kifi gaɓa wata rana,
masunci bai sayar da komarsa don haka ba.
Ba daren nan nake bugawa ba,
dare ɗari nake bugawa.

Na taka har Barnawa,
kuɗin cefanen gobe na aljihu,
kubin nan na bina a baya
kamar karen da ya san sunana.