Ranar da Shinkafa Ta Yi Rawa

Asabar ce a Bradford,
da yayyafin nan nasu da ba ya gajiya.
Yara bakwai a falona, hawa na biyu,
kowa da tarkacensa a leda:
gwangwanin madara, kwalin takalmi,
robar ɗaure kuɗi, kwalaben zuma da aka lashe tas.

Sagir ya ce da Hausarsa mai ɗingishi,
"Anti Lantana, ina ƙara take zama
kafin a ji ta?"
Na ce, ɗora yatsa a maƙogwaro, ka ja sunanka.
Ya ja. Ya zaro ido.
"Akwai zuma a wuyana!"

Muka ɗame roba a bakin kwali.
Siririyar ta yi tsiwa, tin-tin,
mai kaurin ta yi gunaguni
kamar kawu da aka tasa daga barcin rana.
Zuwaira ta jera kwalabe, ta shayar da su,
wata ta ƙoshi, wata ko ɗigo,
ta bi su da cokali.
Ƙosasshiyar ta amsa ƙasa-ƙasa,
mayunwaciyar ce mai kaifin baki.

Sai dum, dum, dum daga ƙasa.
Mista Hollis ne da sandarsa.
Na ce, kun ji? Ƙara na bin katako ma.
Muka yi tsit na minti guda, ba mu kai ba.

Mudassir na gefe.
Tun haihuwa kunnensa bai buɗe ba,
bakunanmu yake karantawa.
Na yanka balan-balan, na ja a bakin gwangwani,
na ɗaure tamau, na barbaɗa shinkafa.
Nafi'u ya maka wa murfin tukunya ludayi,
kusa-kusa, bai taɓa ba.
Shinkafa ta daka tsalle.

Mudassir ya matso.
Ya ɗora tafin hannu a cikin gwangwanin,
ya dube ni, ya dubi murfin,
ya fizge ludayin.
Wayyo tukunyata!
Bai tsaya ba sai da ƙwayar ƙarshe ta faɗa kafet,
yana dariya mai ƙarfi da shi kansa bai ji ba.

Cikin wannan hayaniya
duk mun kurmance, mu masu kunne.
Shi ne ya tsaya cak,
ya kalli safarsa,
ya nuna ƙasa da yatsa, ya ɗaga uku.

Mista Hollis ya sake bugawa.