A Bayan Kalanda

A shagon gwanjo na titin Manningham na saye ta,
fam ɗaya, da ragi, don Janairu ya riga ya raba.
Kowace safiya a yage ganye guda,
ta yi maka nasiha da Turanci, kyauta.

Litinin ta ce: Ki yi babban mafarki.
To, ni da na kwana a tsaye?
Takwas na dare zuwa takwas na safe
ina juya tsofaffi goma sha huɗu a gadajensu
kada kwanciya ta ci musu fata.
Mafarki sai da barci, 'yar takarda.

Talata ta ce: Sama ce iyakarki.
Na ɗaga labule. Samaniyar Bradford
ta sauko ta zauna kan bututun hayaƙi,
toka-toka kamar ruwan wanki na uku.
Na ce, in nan ce iyakar, ai na iso.

Daga ranar na fara juya ganyen.
Bayansa fari fat, fili ba mai shi.
Da biron da nake cike takardar magani
na shiga rubuta abin da kunne ya tsinto.

Na Gwaggo Tabawa, tana tankaɗe a Funtuwa,
gari har gira:
"Ba a tambayar rariya abin da ta riƙe,
sai abin da ta saki."

Na Dorin, ɗaki na tara, shekara casa'in da ɗaya.
Tun tana sha biyar take masaƙa,
har yau yatsunta na neman zare a kan bargo.
Sunan ɗanta ya ɓace mata, wannan bai ɓace ba:
"Sa takalmi tukuna, 'yata.
Kukan ya same ki a hanya."

Na Warsame, direban bas ɗin safe,
ran da na iso a guje, ƙofa ta rufe, ya sake buɗewa:
"Minti ɗaya bai taɓa talauta kowa ba."

Wani ma ba magana ba ce.
Shayi ne a filas, Uwani ta bari kafin ta tafi makaranta,
sukari ya yi yawa.
Ban san yadda ake rubuta wannan ba,
sai na ɗiga shi a takardar, ya bushe.

Ran da jarrabawar nas ta kayar da ni karo na biyu,
maki uku kacal,
kalanda ta ce: Murmushi!
Na fizge ta da ƙarfi har gobe ta biyo ta.
Na zauna a matakala, ko rigar sanyi ban cire ba,
na zazzage gwangwanin biskit a cinya,
tsoffin ganye, wata bakwai na rubutun tsutsa.
Ba wanda ya ce zan ci.
Ba wanda ya yi mini alkawarin komai.
Dorin dai ta ce in sa takalmi.
Na sa.

Yanzu Disamba, kalanda ta rame, saura ganye tara.
Dorin ta tafi tun Oktoba, da asuba,
ni na gyara mata bargon.
Jarrabawa kuma sai Maris.

Jiya Uwani ta baje ganyen a tebur tana karantawa,
ta ce, "Umma, duk na mutane ne. Ina naki?"
Na daɗe da biro a baki.
Waje, titi ya daskare yana ƙyalli.
Na rubuta:
Ƙanƙara ba ta san kin gaji ba.
Taka a hankali, amma ki taka.

Ta karanta, ta taɓe baki:
"Wannan ai hasashen yanayi ne."
Muka yi dariya har maƙwabci ya buga bango.

Bakwai da kwata ta yi.
Na ɗauki jaka, na nemi takalmi.