Ba a Sassaƙa Tsufa

A ƙauyenmu, gindin duwatsun Wales,
inda tumaki suka fi mutane yawa
kuma ruwan sama bai san ranar hutu ba,
kawuna Idwal ya yi shekara hamsin
yana hira da katako.
Ni, Gethin, nake share masa diddiga.

Ba ya taɓa itacen ok sai ya sha iska,
shekara guda ga kowane inci na kauri.
Ƙusar ƙarfe kuwa, ko a mafarki.
Rami yake fafewa, ya fiƙe harshe,
ya zura wannan cikin wancan,
ya kafa turken itace, ƙwas,
sai ka ji tebur ya yi ajiyar zuciya.

Wata Asabar Nesta Probert ta shigo,
laima na ɗiga, ciki wata bakwai,
da hoton da ta yago daga mujalla:
dogon tebur irin na gidajen gona na da,
ƙafafu kamar turmi,
da sanda a ƙasa ta ɗora sawu.
Ta ce, "Haka nake so, har da tsufan.
An ce ana zabga masa sarƙa,
a huda shi kamar tsutsa ta ci,
a shafa masa baƙi a lungu."

Kawu ya zaro fensir daga bayan kunne,
ya dube shi, ya mayar.
"Tsawo zan ba ki, da faɗi, da ƙwari.
Tsufa kam, Nesta, babu shi a shagona.
Wannan aikin gidanki ne."

Ta fita tana ƙunƙuni.
Ran Litinin ta dawo da kafin alƙalami.

Mako tara muna kansa.
Zarto ya yi nasa surutun, gizago ya amsa.
Na goge shi har tafina ya ɗauki zafi,
muka ciyar da shi kakin zuma sau uku.
Ranar da muka kai shi, mu huɗu muna nishi,
fuskarsa sumul, ba ta san komai ba,
kamar jaririn da ke barci a ɗakin sama.

Shekara ashirin da shida.
Kawu yana kwance bayan coci,
fensirinsa yana bayan kunnena.

Jiya suka sauke shi daga motar tumaki,
ƙafa ɗaya na rawa.
Na ɗora hannu, na fara karatu:
ga zoben baƙi inda tukunya ta sauka da gaggawa,
ga lissafin yaro da ya ratsa takarda,
bakwai sau takwas, an kuskure, an gyara.
Ga haƙorin kwikwiyo a ƙafar hagu.
Ga kusurwar da gwiwar hannu ta lotsa,
wurin zaman mijinta Emlyn,
wanda bara ya bar kujerarsa.
Ga wata tsaga, siririya, mai zurfi.
Ban tambaya ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Na ce, "Zan iya kankare fuskar,
kwana biyu ya dawo ango."
Ta dafe shi da hannu biyu
kamar na zare wa ɗanta wuƙa.
"Ƙafar kawai," in ji ta. "Ƙafar kawai, Gethin."

Na buge tsohon turken ya fita.
Ƙamshin ranar farko yana nan a ramin,
ɗanye, mai tsami,
da ɗan layin fensir da kawu ya ja
inda ya san ba mai gani.

Na fiƙe sabon turke.
Fari ne tas, ya fita daban cikin duhun katakon.
Na miƙa hannu ga kwalbar rini,
na fasa.
Gobe jikokinta na zuwa cin abinci.