Ɗan Basarke da Kwanon Dusa

Babana Tunau bai taɓa ba kifi abinci ba.
Shekara hamsin yana barin Yawuri da duhun asuba,
birgi a kafaɗa, filafili a hannu,
Kwara ta ba shi ko ta hana,
ya dawo bai yi mata gori ba.

Ni kuwa ga ni da kwanon dusar shinkafa
a bakin rami mai taki ashirin,
ina kiran karfasa kamar mai kiran kaji.

Ran da na fara haƙa, ya zo da sandarsa,
ya leƙa, ya tofar da tuƙar goro.
"Ɗan Basarke da diga?
Ruwa ya ƙare ne a duniya?"
Ruwa bai ƙare ba, Baba,
idon taru ne ya yi ta tsukewa
har muka koma kama jikokin abin da kuka kama.
Ban faɗa ba. Na ci gaba da sara.

Na ɗaure kashin kaji a buhu, na jiƙa a kusurwa,
na jira ruwa ya yi kore shar kamar miyar kuka.
In na tsoma hannu zuwa gwiwa, tafina ya ɓace,
to ya nuna.

Shekarar farko na sha kunya.
Na bar maza da mata wuri guda,
suka haihu, 'ya'yan suka haihu,
kandami ya cika maƙil, ba mai faɗin yatsa uku.
Hakama mai banda ta juya kwando da ƙafa,
ta ce, "Kai wa kyanwa."

Yanzu ɗaya-ɗaya nake kifar da su a tafi,
in duba ciki, in ware mazan,
su ne masu yin tsoka.
Kuma na san asubar da za su taso sama
suna haki, baki buɗe,
in ruga in tada injin kafin ladan ya sauke hannu.

Wata Laraba muna wara, Baba ya tsuguna.
Ya ɗauki wata, ya matsa mata muƙamuƙi a hankali,
ga ƙwai cike da baki, rawaya, kamar tsabar gero.
"Wannan ba ta cin komai sai sun fashe.
Da can in ta faɗo birgi, sakinta muke."
Ya yi shiru.
"Daga baya muka daina."

Luba ta dawo hutu daga Birnin Kebbi,
ta nuna masa a waya:
kandamai a Masar, ido bai kai ƙarshensu,
keji-keji na iyo kan tafkunan Indonesiya,
Sin na loda ta a kwali da ƙanƙara
zuwa ƙasashen da ba su san sunanta na gida ba.
Ya kai fuska kusa da gilashin, ya ƙirga ƙayar bayanta.
"Ita ce. 'Yar nema, ashe ta fi mu yawo."

Jiya da la'asar na makara a kasuwa.
Na tarar da shi a bakin ramin, kwanona a hannunsa.
Ya karkata kugu, ya ja kafaɗa baya,
ya watsa dusar
irin watsin birgi,
ta buɗe, ta sauka da'ira guda.

Ruwa ya tafasa.
Bai waiwayo ba.