Ranar Ashirin da Takwas

Daga tudunmu zuwa asibitin bakin teku
matakala ɗari da sittin da biyu ne.
Da, ni da muryoyi muke ƙirga su, muna gardama.
Yanzu ni kaɗai nake ƙirgawa,
sai karen nan mai kunne ɗaya
da ke raka ni rabin hanya ya tsaya.

Valparaíso na wanke fuska da hazon safe.
Jiragen ruwa sun yi layi, su ma kamar masu jiran likita.

Nas Ximena ba ta tambayar mafarkina.
Takan buɗe littafi ta ce,
"Baldomero, wancan watan hagu ne, yau dama."
Auduga mai sanyi. Numfashi ɗaya.
Ruwan fari ne, mai kauri,
yana shiga ba gaggawa,
ya nemi wuri cikin tsoka ya zauna
kamar ɗan haya da ya biya kuɗin wata tun farko.

Kafin wannan, ƙwayoyi ne.
Mahaifiyata takan zuba su a faranti ta bi da yatsa,
ta ce in ɗaga harshe ta gani,
ni mai shekara talatin da huɗu, da gemuna.
Na binne wasu a tukunyar furenta.
Furen bai ji sauƙi ba, ni ma haka.

Yanzu da dare hirarmu tsadar kifi ce
da kwanon rufin da iska ta ɗaga.
Ba ta kallon bakina sai in ina dariya.

Ba zan ce kyauta aka ba ni ba.
Bel ɗina ya ƙara huji biyu.
Hannun da ke ɗinke ragar kifi yana rawa,
zare ya kuɓuce, in sake kamawa.
Ranar da ƙasa ta girgiza, yadda ta saba a garin nan,
kowa ya ruga titi da kofi a hannu yana zuba,
na yi murmushi: yau ba ni kaɗai ba ne.

Cikin muryoyin akwai guda da ba ta taɓa zagina ba,
ta yayana Fermín, wanda teku ta riƙe.
Allura ba ta san zaɓe ba.
Ta share su duka
kamar ruwan sama a kan rubutun alli.

Wannan ban faɗa wa Ximena ba:
wajen kwana na ashirin da shida,
in magani ya fara sirancewa,
nakan ji kamar rediyo a gida na uku, can ƙasa-ƙasa.
Nakan tsaya da cokali a hannu
in kasa kunne, ko shi ne.

Sai in dubi kalanda, inda jan biro ya kewaye.
In goge takalmana.

Hawa ya fi sauka wuya, ƙugun dama na zafi.
Na sayi burodi huɗu, uku namu.
Karen yana nan a mataki na tamanin da ɗaya.