Goma Ba Su Cika Ba

Nasim, yau Asabar,
ka sha gaya mini ba a kuka ran Asabar.
To, na daure har rana ta faɗa kogi ta wajen Harobanda,
na ƙirga taurari uku yadda ka koya mini,
sannan na saki.

Ina ɗan shekara tara na fara shiga ɗakinka a Terminus.
Daren hutunku hannunka ba ya taɓa fitila,
bakinka ba ya aike,
sai dai ka dubi rufi ka ce, "Kai, hasken nan ya yi yawa."
In kashe.
Ladana dabino biyu,
in hutu ya fita kuma, in taɓa tsirkiya ɗaya
ta molon nan mai ƙaton ciki da karyayyen wuya
da kakanka ya goyo daga Fas.

Hausarka ba ta taɓa miƙewa ba.
Shekara arba'in kana ce wa mace "kai",
suna dariya, suna ƙara maka kopto.
Amma in ka ɗora yatsa,
Bazabarme da Ba'adare da Buzu
kowa sai ya rantse da harshen uwarsa kake magana.

Illo mai gurmi ya yi wata uku ba ya gaishe ka
kan wani kiɗa da ya ce ka sace masa.
Ran Alhamis shi ya fara kama makara.

Mazal ta sauko daga jirgi,
ta yage wuyan rigarta, ta rufe madubi, ta zauna ƙasa.
Ta ce addu'arku maza goma take so.
Aka bi Yamai lungu-lungu:
likita ɗaya, baƙi biyu a otal,
da wani tsoho mai sayar da tabarau.
Huɗu.
Mu kuwa mun fi ɗari uku a bakin ƙofa,
ba wanda ya shiga lissafi.
Ban ji haushi ba, kowane gida da ƙofarsa.
Amma da ta ce dutse ake ɗora wa kabari,
sai ga mu a duƙe,
masu taksi, teloli, matan Katako,
har tsakuwa ta yi wuya a wurin.

Daren jiya na bi ta ƙofarka,
fitila na ci.
Na shiga, na sa hannu a makunni,
na tsaya,
ina jiran ka ce ya yi yawa.